Akun Mai Agogo

Tun daga bakin titi suka jiwo hayaniyar. Auta tana riƙe da jakar uwarta, tana nuna mata fitilun talla da aka kunna bayan faɗuwar rana, tana cewa, "Inna, kin ga wancan? Kifi ne, dubi yadda yake kaɗa jela." Sai ta hango mutane cunkus a ƙofar shagon agogon da take aiki. Ta saki jakar ta ruga.

Inna ta ɗauki jakar ta bi ta a hankali, don gwiwa ta daina yarda da gudu. Wannan ne zuwanta birni na farko. Tun da mijinta ya rasu Auta take roƙonta ta zo ta sha iska, ta daina zama ita kaɗai a ɗaki. Yau dai ta zo, ko ruwan garin ba ta sha ba ta tarar da wannan.

Mai agogo yana tsaye a tsakar shago, dattijo ne dogo, idanunsa jajur.

"Ina kika je kika bar min shago?"

"Baba, tasha na je tarar Innata. Na ja ƙofar."

"Kin ja. Kin kulle?"

Auta ta sunkuyar da kai. Ɗokin zuwan uwa ya sa ta manta.

Ba a taɓa agogo ko ɗaya ba. Abin da aka ɗauke aku ne, da shi da kejinsa. Akun na matar mai agogo ne, wadda ta rasu bara, kuma da muryarta yake magana. Duk titin sun san da a sace masa aku, gara a kwashe shagon kaf.

"Gungu ne," in ji mai waya na shagon gaba. "Mutum uku aka gani da kaya. Kuma ɓarawo ba ya sanin ƙofa a buɗe take sai an gaya masa."

Duk ido ya koma kan Auta. Wani ya ce dama yaran yanzu ba a ba su amana. Wani ya ce tasha dai dabara ce. Mai aski ne kaɗai, wani gajeren tsoho abokin mai agogo, ya ce, "A bi a hankali, jama'a, yarinyar nan ba ta da wannan hali." Amma can ƙasa-ƙasa ya faɗa, ba wanda ya kula shi.

Mai agogo ya nuna Auta da yatsa. "In aka sauke ƙofofin titin nan ba a ga akuna ba, 'yan sanda za su tafi da ke."

Inna ta ajiye jakar. "Bawan Allah, ni ce uwarta. Saboda ni ta fita. Ka ba ni zuwa lokacin da ka faɗa, in duba."

"Ki duba me, Iya?"

"Sawu."

Wasu suka yi dariya. Ita ba ta yi ba. Shekaru masu yawa ita da Baban Auta suna bin sawu a garinsu. Saniya ta ɓace, akuya ta ɓace, yaro ya bi tsuntsu ya manta hanya, su ake kira. Shi a gaba, ita a bayansa, abin da idonsa ya tsallake nata ya tsinta. Tun da ya tafi ba ta ƙara sunkuyawa ta kalli ƙasa ba. An zo nemanta, ta ce idonta ya mutu.

* * *

Ta sa aka ja baya, ta durƙusa da ƙyar a gindin ƙarfen da ake rataye kejin. A jikin taga yake. Daga waje, daidai samansa, akwai wani ƙaton agogo na fitila, yana walƙiya fari da rawaya, yana haske ɗakin kamar rana.

Ƙasan tayil ne sumul, ba ya riƙe komai. Amma a kusurwa ta tsinci gashin tsuntsu masu toka-toka, da yawa. Ta ɗaga ɗaya ta duba gindinsa. A tattaune yake.

"Auta, kokawa aka yi da shi?"

"A'a, Inna. Shi yake tsige kansa. Ƙirjinsa ma duk ya zama fili."

"Tun yaushe?"

"Tun wajen lokacin da aka kafa fitilar nan. Ya ma daina magana. Baba ya ce kewar marigayiya ce."

"Ana kashe fitilar in an tashi?"

"Ba a kashewa. Ba mai kashe tasa a titin nan, wai kada a ce ka karye."

Inna ta dubi kantar da ke gefe. Akwai zagayen ƙura inda wani abu ya daɗe a ajiye.

"Mene ne a nan?"

Auta ta zaro ido. "Gwangwanin abincinsa! Har da shi aka tafi. Kai, da ɗan icen da yake gwaguya."

"In baƙo ya taɓa kejin, me yake yi?"

"Ihu. Sai ya tara wa mutum titi."

"An ji ihu yau?"

Aka dubi juna. Ba wanda ya ji.

* * *

A waje kuwa, Inna ta ga abin da ya fi ƙarfinta. Ƙafafu kamar ruwa, suna zuwa suna komawa a kan siminti. Kiɗa daga wannan shago, kiɗa daga wancan, masu talla suna kiran mutane da lasifika. Ba ƙasa, ba ciyawa, ba reshen da ya karye. Baƙo ko da ido makaho ne.

Can a gefen kwata ta hango ɓawon gyaɗa. Ta ɗan matsa, ga wani. Auta ta ce ai aku yana cin gyaɗa. Zuciyar Inna ta buga yadda ta daɗe ba ta buga ba. Ta sunkuya ta bi, mutane suna kauce mata suna tsaki, wasu 'yan mata har suna ɗaukarta hoto. Ɓawon ya bi gaban shaguna, ya zagaya wata motar da aka ajiye, ya ƙare a gindin wata kujerar roba. A kan kujerar mai gadin titi ne zaune, ƙato, da ƙullin gyaɗa a cinya, yana ɓarewa yana watsawa a baki.

"Iya, lafiya kike kallon ƙafata?"

"Ashe kai ne akun."

Ya ƙyalƙyale da dariya har ya ƙware. Da ya farfaɗo ya miƙa mata gyaɗa ta ce ta gode. Ta tambaye shi abin da ya gani.

"Na ga wani da kaya a kafaɗa, a rufe da koren ƙyalle. Can wajen kantin magani."

"Ka ga fuskarsa?"

"Ina! A cikin wannan turmutsitsin? Kayan kawai na hango a saman kawuna. Na ɗauka ɗan dako ne."

"Kore ka ce?"

"Kore shar. Ni idona garau yake."

* * *

Mai turare mace ce mai jiki da fara'a, shagonta na kusa da na agogo. Kafin Inna ta buɗe baki har ta fesa mata turare a wuyan hannu.

"Shaƙi wannan, Iya, kyauta ne. Wallahi yarinyar nan ta ba ni tausayi. Ni dai abin da na gani, wani da kaya a kafaɗa, a lulluɓe da jan ƙyalle."

"Ba kore ba?"

"Wa ya ce kore? Mai gadi? Wannan in ba abin ci ba ne ba ya gani. Ja ne zur." Ta matso ta rage murya. "Kuma ba gulma ba, ki tambayi mai waya. Shi da ya fi kowa ɗaga murya, ai ya sha taya akun nan, wai ya ajiye a shagonsa ya ja masa mutane."

Mai waya bai musa ba. Ya ɗaga yatsa ya nuna wa Inna tabo.

"Na taya, Iya, ba ƙarya. Ranar da na kai hannu ga abin da ya yi min. Tun daga nan ko kyauta aka ba ni ba na so. Da ni na ɗauka, da har ƙarshen titi an ji."

"To kai me ka gani?"

"Kaya a kafaɗa, da shuɗin ƙyalle. Shi ya sa na ce su uku ne. Ɗaya ja, ɗaya shuɗi, ɗaya kore. Suna miƙa wa juna, ko kuma biyun na ruɗi ne."

"Kuma ka ce 'yata ta buɗe musu."

Ya sosa ƙeya. "Ai magana ce kawai."

"Magana zarar bunu ce, ɗana."

* * *

Shagunan can ƙasa sun fara sauke ƙofofi, ana jin ƙarar ƙarfe ɗaya bayan ɗaya. Inna ta koma ta tsaya a gaban shagon mai turare, ƙafafunta suna zogi. Ta leƙa shagon agogo ta ga Auta a zaune a kusurwa, ta haɗa kai da gwiwa. Yarinyar da ta samo aikin nan da kanta, ba wanda ya tsaya mata, take aiko wa ubanta magani har ya cika. In aka tafi da ita yau, ko gobe an sako ta, sunan ɓarauniya ya zauna.

Inna ta ce a ranta, Baban Auta, ka tafi ka bar ni da rabin ido. Kai ne mai gaba. Ni me na sani a garin da ba ƙasa?

Ta juya za ta goge hawaye kada a gani, sai ta ga wata tsohuwa a jikin gilashi tana kallonta, da jan mayafi. Ta matsa don ta ba ta hanya. Tsohuwar ma ta matsa.

Inna ta dubi kafaɗarta. Farin mayafinta ne, wanda ta wanke ta goge don tafiyar nan. Ya zama ja zur. Ta ɗaga kai. A saman shagon mai turare akwai wani ƙaton fure na jar fitila.

Ta taka zuwa gaban shagon mai waya, tana kallon mayafin. Ya koma shuɗi. Ta ƙara gaba, ba ta ma jin gwiwar, har gaban kantin magani. Kore shar.

Ta tsaya tana haki. Ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Kowa a ƙarƙashin fitilarsa ya ga kayan. Mutum ɗaya ne, ƙyalle ɗaya ne, fari. Ya fito daga shagon agogo, ya bi ta ja, ya bi ta shuɗi, ya kai kore. Sawun yana nan, a sama yake.

Daga kore kuma fa? Mai gadi yana gaba kaɗan, kayan ba su wuce ta gabansa ba. Inna ta tsaya ta yi abin da suka saba yi in sawu ya yanke a kan dutse, ta daina tambayar ina aka bi, ta tambayi me ake nema. Mutumin da aku ya sani. Mutumin da ya tuna da gwangwanin abinci da icen gwaguya. Wannan ba kasuwa zai kai shi ba. Tsuntsun da ya daɗe bai ga dare ba, ina mai tausayinsa zai kai shi?

Ta bi shagunan da ido. Kowanne yana ci da wuta, kowa yana so ya fi maƙwabcinsa. Sai ɗaya tak, ɗan ƙarami, a jikin kantin magani. Almakashin fitilar da ke samansa a kashe yake. An rataya bargo a tagar ciki. Wasu samari biyu suna zaune a benci a waje suna mita, ɗaya da rabin kai a aske.

* * *

Ta sa mai gadi ya tara mata su a shagon agogo. Mai turare ta zo, mai waya ya zo, mai aski ya shigo a ƙarshe ya tsaya kusa da ƙofa. 'Yan kallo suka cika waje.

"Ba gungu ba ne," in ji Inna. Ta gaya musu zancen mayafi. Mai turare ta fizge farin hankicin mai waya ta fita da gudu, ta dawo tana tafa hannu.

"Wallahi haka ne! Shekara nawa ina nan ban taɓa lura ba!"

"To waye?" in ji mai agogo.

"Wanda ya ɗauka ba mugu ba ne, wannan na sani. Ya tafi da abincinsa. Aku bai yi masa ihu ba. Yana da babban farin ƙyalle a wurin aikinsa. Ni baƙuwa ce, ku gaya min. An ce a titin nan ba mai kashe fitila. Ta waye a kashe yau, ana tsakiyar ciniki?"

Ba ta kalli kowa ba. Su ne suka juya.

Mai aski ya ce, "Wayar wuta ce ta ƙone." Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Sai ya zame ya zauna a dokin ƙofa, ya dafe kai.

"Kai?" in ji mai agogo. "Kai da muka girma tare?"

"Ni ne. Sau nawa na gaya maka? Na ce fitilar nan tana kashe tsuntsun nan, ka rufe shi da dare ko ka tafi da shi gida. Ka ce in ka rufe shi kamar ka sake rufe marigayiya ne. Ka ce gidan ba ya shiguwa, a nan kake kwana a kujera kana jiran ya yi magana. Na leƙo ɗazu na ga ƙofa a sake, na gan shi yana tsige kansa har jini. Ban yi shawara da kowa ba. Na ce in ya yi barcin dare ɗaya in dawo da shi da safe."

"Da ka faɗa mana!"

"Na zo in faɗa, na tarar titi ya cika ana kiran 'yan sanda. Tsoro ya kama ni. Tsufa bai hana ni zama matsoraci ba."

Mai agogo ya yi kansa, mai gadi ya tare. Inna ta ce, "Ka fara ganin abinka tukuna. Faɗan ba zai gudu ba."

* * *

Su huɗu suka shiga shagon aski, da Inna da Auta da mai agogo, mai aski a gaba da 'yar fitilar waya a rufe da tafin hannu. Ɗakin ciki ƙarami ne, yana warin sabulu da hoda. Shiru, kamar ba a birnin ba. Kejin yana kan tebur, farin ƙyallen aski a kansa. Mai aski ya ɗaga gefe ɗaya a hankali.

Akun yana tsaye da ƙafa ɗaya, ya cusa kai a cikin gashin bayansa. Ƙirjin nan da ya tsige yana hawa yana sauka.

Mai agogo ya daɗe yana kallo. Ya kai hannu ya mayar da ƙyallen da kansa, ya gyara gefensa.

"Zai sake magana?" ya tambaya cikin raɗa.

"Ban sani ba," in ji Inna. "Nawa mijin ya tafi bai bar min ko aku ba. Amma mai rai dai sai ya yi barci."

Mai agogo ya juya ga Auta. "'Yata, ki yafe min."

Auta za ta amsa, Inna ta riƙe hannunta.

"Ba a nan ba. A titi aka kira ta ɓarauniya."

Dattijan biyu suka dubi juna. Mai aski ne ya fara fita. Ya hau bencin da ke ƙofarsa, gajere ne, sai da mai gadi ya tallafe shi, ya ɗaga murya yadda bai ɗaga ɗazu ba. Ya ce shi ya ɗauki aku, yarinya ba ta san komai ba, ya ji ana zaginta ya yi shiru, kuma wannan shirun ya fi satar muni. Mai agogo ya tsaya a gefensa ya ce shi ya yi saurin baki, yarinyar nan tun da ta zo ko allura ba ta taɓa ɓata a hannunta ba, kuma tana nan a aikinta in ta yarda. Mai waya ya ratso mutane, yana sosa ƙeya, ya ce shi ma a yafe masa.

"Ƙara ɗaga murya," in ji mai turare. "Ɗazu ai har tasha ana jin ka."

Aka yi dariya. Saurayin nan mai rabin aski ya ce, "To Baba, tunda an gama shari'a, a ƙarasa min kaina mana, haka zan je gida?" Dariyar ta ƙaru. Auta tana dariya tana share hawaye da bayan hannu.

Da mutane suka watse, aka nemi mai agogo ba a gan shi ba. Auta ta leƙa ɗakin ciki, ta dawo tana taka ƙasa a hankali, ta yafito uwarta. Yana kan kujerar aski kusa da kejin, kai ya langaɓe, baki a buɗe. Mai aski ya cire masa takalma, yana lulluɓa masa tawul.

"Inna, shagon agogo fa a buɗe yake," in ji Auta cikin raɗa. "In tashe shi?"

"Kar ki soma. Je ki rufe masa, ki kashe fitilar nan. Wannan karon ki murɗa makulli."

Auta ta fita da sauri. Inna ta zauna a bencin waje, ta miƙe ƙafafu. Mai gadi ya jawo kujerarsa ya zo, ya ce wai wata maƙwabciyarsu kyanwarta ta ɓace tun shekaranjiya, tana ta kuka, ko Iya za ta iya dubawa.

"Kyanwa a kan siminti?" in ji Inna. "Ku mutanen birni ba ku da tausayi." Ta miƙa hannu ya zuba mata gyaɗa. "Ka zo da safe, bayan na karya. Kuma ka gaya mata kada ta share ƙofar gida."